Amsoshin Tambayoyinku: Rijiyoyi Na Ƙafewa, Wa Zai Tsawatar wa Masu Haƙa?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga batu ɗaya, wato ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa: yadda yake ƙara nisa a wasu wurare, yadda yake gurɓacewa a wasu, da kuma ko hukuma tana da hurumin sa baki a kan abin da mutum ya haƙa a cikin filinsa. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Rijiyar gidanmu mahaifina ne ya haƙa ta, kuma tun tasowata ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara. Bara waccan wani mai hali ya buɗe gidan fiya wata a bayan layinmu, ya haƙa bohol guda biyu waɗanda injinsu ba ya hutawa dare da rana. Yanzu guga laka yake dawowa da ita. Mun yashe rijiyar, mun ƙara mata zurfi, amma a banza, har mun koma sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa. Da na yi masa magana sai ya ce a filinsa ya haƙa, kuma da kuɗinsa. Shin ina da wani haƙƙi a kansa? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da haƙƙi, amma kafin mu zo kansa ya kamata ka san abin da ke faruwa a ƙarƙashin gidanka, domin da wannan sanin ne za ka iya tsayawa gaban mai unguwa ko alƙali ka yi bayanin da za a saurara. Birnin Kano, da Zariya, da Kaduna, da mafi yawan ƙasar Katsina duk a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune, irin wanda ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan da muke samu yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen sashen da ke saman dutsen, wanda kaurinsa bai cika wuce 'yan gomman mitoci ba, da kuma cikin tsagogin da ke jikin dutsen kansa. Babu wani kogi da ke gudu a can ƙasa kamar yadda mutane da yawa suke zato. Ajiya ce 'yar kaɗan, kuma ruwan sama na watanni huɗu ko biyar na damina shi kaɗai ke mayar da abin da aka ɗiba a tsawon shekara.

Idan aka zura inji mai ƙarfi a cikin bohol, ruwan da ke kewaye da shi yana sauka kamar mazurari: ya fi zurfi a gindin bohol ɗin, yana raguwa gwargwadon nisa da shi. Muddin injin bai huta ba, bakin mazurarin ƙara faɗi yake yi, har ya ratsa ƙarƙashin katangu ya iso rijiyoyin maƙwabta, kuma wadda ta fi gajarta ita ke fara ƙafewa. Saboda haka abin da maƙwabcinka ya faɗa gaskiya ne game da ramin, amma ruwan da ke fitowa daga ramin daga ƙarƙashin unguwar baki ɗaya yake taruwa.

Duk da haka adalci ya sa dole in ce mai yiwuwa ba shi kaɗai ne sanadi ba. Ka ƙirga yawan tankunan da ke saman gidajen layinku yau, ka kwatanta da shekara goma sha biyar da suka wuce. Ka tuna da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, waɗanda su ne suke tare ruwan damina su ba shi lokacin nitsewa, ka duba kuma yadda aka malale tsakar gidaje da siminti har ruwan sama ba shi da inda zai bi sai kwata. Ana ƙara ɗiba, ana toshe hanyar mayarwa. Wannan ya sa kake buƙatar shaida, ba zato kawai ba.

Ta fuskar dokar ƙasa, Dokar Albarkatun Ruwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993 a zamanin mulkin soja kuma tana nan daram, ta ba duk mai haƙƙin mallakar fili damar ɗibar ruwan ƙarƙashinsa kyauta domin amfanin gida, da shayar da dabbobi, da ban-ruwan gonarsa ta kashin kansa. Wanda yake ɗiba domin sayarwa bai shiga cikin wannan rangwame ba, kuma akwai hukumar tarayya mai kula da sarrafa albarkatun ruwa da ke ba da lasisi ga irinsa. Lambar NAFDAC da ke jikin ledarsa shaida ce a kan tsabtar abin da yake sayarwa, ba ta ce komai ba a kan yawan ruwan da ya halatta ya zuƙa.

Ta fuskar shari'ar Musulunci kuwa maganar ta fi fitowa fili. Ƙa'idar da aka karɓo daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce babu cuta babu cutarwa, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da magana a kan harimin rijiya, wato tazarar da ba a yarda wani ya haƙa wata a cikinta ba. Wasunsu sun ƙayyade ta da kamu arba'in, amma Imamu Malik bai yanka mata iyaka ba, ya bar ta ga gwargwadon abin da zai cutar da ruwan rijiyar farko, saboda ƙasa ta bambanta, akwai mai taushi akwai mai tauri. Wannan fahimta ta dace da zamanin injin lantarki fiye da kowace ƙayyadaddiyar tazara.

Shawarata ita ce kada ka tunkare shi kai kaɗai. Ka nemi sauran waɗanda rijiyoyinsu suka ja baya, ku ɗaura dutse a igiya ku riƙa auna nisan ruwan kowace rijiya da asuba da kuma yamma, kuna rubutawa da kwanan wata, musamman ranakun da injinsa ya tsaya saboda gyara. Idan ruwa yana tasowa a duk lokacin da injin ya huta, kun sami hujja. Da ita za ku je wurin mai unguwa da dagaci ku nemi abubuwan da za su yiwu: a ƙayyade sa'o'in da injin zai yi aiki, a fito da famfo bayan katanga domin waɗanda suka rasa ruwansu, a kuma toshe sashen sama na bohol ɗin yadda zai daina jan ruwan da rijiyoyinku suka dogara da shi. Idan sulhu ya faskara, ƙofar ma'aikatar ruwa ta jiha da ta kotu a buɗe suke.

TAMBAYA: Gwamnatin da ta kasa kawo mana ruwan famfo shekara da shekaru, ita ce kuma za ta ce sai mun nemi izininta kafin mu haƙa bohol da guminmu? Ni dai ina ganin duk wannan maganar dokar ruwa wata hanya ce ta tatsar talaka. Ku gaya mana gaskiya. Daga wani ɗan kasuwa a Kaduna.

AMSA: Alhaji, fushinka yana da dalili, domin babu wanda ke kashe miliyoyi ya haƙa bohol don sha'awa, bushewar famfo ce ta kai mutane ga haka. Amma ina roƙonka ka raba abu biyu, wato gazawar gwamnati wajen kawo ruwa, da kuma bukatar a sami mai tsawatarwa a kan ruwan da kowa ke ɗiba. Na farkon ba ya soke na biyun, hasali ma shi ne ya sa na biyun ya zama dole.

Ka dubi abin da ya faru a Borno. A ƙarƙashin yankin Tafkin Chadi akwai hawa uku na yashi mai ɗauke da ruwa, kuma na tsakiya, wanda a wajajen Maiduguri sai an nitsa sama da mita 300 ake isa gare shi, yana da ƙarfin da ke turo ruwa sama da kansa. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin shekarun 1960 an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a wannan yanki, ruwa yana tunkuɗowa ba tare da inji ba, makiyaya da ƙauyuka suka sami sauƙin da ba su taɓa gani ba. Sai dai da yawa daga cikinsu an bar su a buɗe suna kwarara dare da rana, shekara bayan shekara, suna yin tabkunan da rana ke shanyewa. Ƙarfin ruwan ya yi ta raguwa har rijiyoyi da dama suka daina tunkuɗowa, alhali ruwan da ke can tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, wanda daminar yau ba ta mayar da shi sai kaɗan. Babu wani mugu guda ɗaya da za a nuna a ce shi ya yi wannan ɓarna. Abin da aka rasa shi ne wanda aikinsa ne ya sa murfi, ya auna, ya ce ya isa.

Game da dokar da kake ji ana faɗa, gwamnatin Muhammadu Buhari ta aika wa majalisa ƙudurin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa a 2017, ya cije a Majalisar Dattawa a 2018, Majalisar Wakilai ta janye shi a 2020 bayan hayaniya, aka sake gabatar da shi a 2022, sannan dattawa suka yi watsi da shi a 2023. Masu adawa da shi, ciki har da gwamnan Binuwai na lokacin Samuel Ortom da Farfesa Wole Soyinka, sun ce hanya ce ta miƙa wa gwamnatin tarayya filayen bakin kogi, wasu kuma suka haɗa shi da rikicin manoma da makiyaya. Ministan ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya dage cewa tattara tsofaffin dokoki ne kawai a wuri ɗaya. Abin takaici a wurina shi ne an shafe shekara shida ana jayayya a kan wa zai riƙe iko, tarayya ko jihohi, ba a zauna an tattauna yawan ruwan da ya rage da yawan da ake ɗiba ba, kuma a tsawon wannan lokaci motocin haƙa ba su tsaya ko na rana ɗaya ba.

Akwai wuraren da doka ta yi aiki, kuma yana da kyau a ga dalili. A Bankok, babban birnin Tailan, yawan zuƙar ruwa ya sa ƙasa tana lotsawa da fiye da santimita 10 a shekara a wasu unguwanni a farkon shekarun 1980. Sun yi dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa tun 1977, suka fara karɓar kuɗi a kan abin da ake ɗiba a tsakiyar shekarun 1980, suka riƙa ƙara shi a hankali, amma abin bai lafa ba sai da suka shimfiɗa bututun ruwan kogi zuwa masana'antu da unguwanni, ya zama mai rufe bohol yana da inda zai koma. Daga nan lotsawar ta ragu ƙwarai, ruwan ƙasa ya fara tasowa. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, inda wani yanki na kwarin San Joaquin ya lotsa da kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977, ba su yi dokar jiha baki ɗaya ba sai a 2014, a tsakiyar wani fari mai tsanani. Dokar ta ɗora wa hukumomin kowane yanki alhakin tsara yadda za a daidaita ɗiba da mayarwa cikin shekara 20, jiha ba za ta karɓe ragama ba sai sun gaza, kuma ta sassauta wa magidancin da abin da yake ɗiba don gidansa bai wuce kimanin lita miliyan biyu da rabi a shekara ba.

Ga matsayina a taƙaice. Dokar da za ta fara da bin gidajen talakawa ana neman rasit, tatsa ce, kuma zan tsaya tare da kai mu ƙi ta. Dokar da ta cancanci goyon baya za ta fara ne da manyan masu ɗiba, wato kamfanonin lemo da na ruwan roba da na leda, da otal-otal, da masana'antu, da manyan gonaki, a sa musu mita su biya gwargwadon abin da suka zuƙa, kuɗin kuma a gan shi a jikin bututu da matatun ruwa. Za ta wajabta wa kowane mai motar haƙa ya yi rajista, ya kuma miƙa bayanin kowace rijiya da ya haƙa: inda take, zurfinta, irin ƙasar da ya ratsa, da inda ya tarar da ruwa. Magidanci ba zai biya komai ba, sai dai a rubuta rijiyarsa a san da ita. Tun 2010 Nijeriya take da rubutacciyar ƙa'idar haƙa rijiyoyin burtsatse, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta fitar tare da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke nan Kaduna kusa da kai, amma ka tambayi masu haƙa goma ka ga nawa ne suka taɓa buɗe ta.

TAMBAYA: Mun yi foraj, wato bohol, a gidanmu, ruwan garai-garai, ga sanyi, babu wari babu ɗanɗano. Ɗana da ke karatun kiwon lafiya ya dage sai an kai shi awo kafin yara su sha, ni kuwa ina ganin ɓarnar kuɗi ce, tunda ruwan da ya fito daga zurfin ƙasa ai tatacce ne. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga wata uwargida a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, ɗanki ne ke da gaskiya, kuma shaidar tana kusa da ke, a garin Tibiri. A 1985 aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwanta fari tas, mutane suka sha shi kusan shekara goma sha biyar. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuloraid ninki uku zuwa huɗu na miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ɗaruruwan yaran da suka tashi a kan wannan ruwa haƙoransu suka dafe, ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu suka nakasa har abada. Babu wanda ya zuba guba a rijiyar. Daga jikin duwatsun da ruwan ke kwance a ciki sinadarin yake, kuma da an yi awo ɗaya an kuma yi aiki da sakamakonsa, da ya tsare waɗannan yara. Irin haka ya faru a Bangaladash a ma'auni mai ban tsoro, inda aka haƙa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa don a raba mutane da ruwan tabki mai kawo gudawa, sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawansu suna da sinadarin asenik. Ƙiyasin da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2000 ya ce mutum miliyan 35 zuwa 77 ne ke cikin haɗari, har aka koma shafa wa bakin famfo jan fenti idan ruwansa na da guba, kore idan lafiyayye ne.

Wannan gurɓacewar da ke zuwa daga ƙasa ke nan. Wadda ta fi yawa a garuruwanmu ita ce wadda muke jawowa da hannunmu. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabta suka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin masan ya kasance sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. To, filin gida mai ƙafa 50 da 50 tsawonsa kimanin mita 15 ne kacal. Ko da kin kai masanki wannan kusurwa, rijiya waccan, masan maƙwabciyarki yana jingine da katangar da rijiyar take, kuma ba ki da ikon hana ta. Da damina, lokacin da ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin ramin nan yana tsiyaya ya haɗu da shi, daga nan amai da gudawa da taifot suke samun hanya, ga kuma sinadarin naitiret wanda idan ya wuce miligiram 50 a lita yana da haɗari ga jarirai. Zurfin rijiya yana kare ta ne kawai idan an yi aikin da kyau, wato an zuba siminti a kewayen bututun tun daga sama zuwa 'yan mitoci a ƙasa, an kuma yi daɓe mai gangara a bakinta. Mai haƙan da ke son rage kuɗi wannan simintin yake fara tsallakewa, saboda ba a ganinsa, sai ƙazamin ruwan sama ya bi jikin bututun ya gangara ƙasa, ya ɓata na gidan har da na maƙwabta.

Sai kuma na masana'antu, wanda ya fi wuyar gyara. A Kano, dagwalon majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da Bompai, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, ya daɗe yana malala cikin kogunan da ke kewaye da birnin. A ƙasar Ogoni da ke kudancin Nijeriya, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano cewa rijiyoyin wata unguwa a Ogale suna da sinadarin benzin mai haddasa cutar daji sama da ninki 900 na abin da aka yarda da shi. Kogi idan aka daina zuba masa datti yana wanke kansa cikin 'yan daminu, amma ruwan ƙasa tafiyarsa a hankali take, abin da ya shige shi yana iya zama a ciki gomman shekaru.

Wannan shi ne ɓangaren da mutum ɗaya ba zai iya kare kansa ba sai da hukuma. Nijar tana da kundin dokar ruwa tun 2010, wanda ya tanadi sanarwa ko neman izini kafin manyan ayyukan ɗibar ruwa, ya kuma ɗora wa mai gurɓatawa biyan abin da ya ɓata. Abin da ya rage shi ne ma'aikatan da za su bi unguwanni su duba. Ke kuwa a naki ɓangaren, ki kai ruwan awo yanzu, a duba ƙwayoyin cuta da fuloraid da naitiret, ki maimaita awon ƙwayoyin cuta a tsakiyar damina. Ki sani kuma tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire fuloraid ko naitiret, sai ma ya ƙara musu kauri.

TAMBAYA: Ni manomin rani ne. Na sayar da shanu biyu na sayi famfon sola, na huta da sayen fetur, yanzu ina ba shinkafata ruwa tun fitowar rana har faɗuwarta. Na ji ana cewa nan gaba za a ƙayyade mana. Ruwan Allah ne, me ya sa za a hana manomi? Daga wani manomi a ƙasar Haɗeja.

AMSA: Allah ya sa albarka a gonar, Malam. Tun da aka fara shirin Fadama a farkon shekarun 1990, ƙananan rijiyoyin bututu da injin ban-ruwa sun maye gurbin jigo, sun fitar da iyalai da yawa daga zaman kashe wando na rani, kuma ba na goyon bayan duk abin da zai mayar da hannun agogo baya. Ruwan fadama yana da wata falala da na Borno mai zurfi ba shi da ita, domin yana kusa, kuma ambaliyar kowace damina tana sake cika shi. Amma akwai abin da ya canza da zuwan sola. Da can tsadar fetur ita ke kashe injin, manomi ba ya kunna shi sai gona ta buƙata. Yanzu da rana ke biya, babu abin da ke sa a kashe, kuma idan kowa a fadamar ya yi yadda kake yi, a watan Maris da Afrilu za ku ga bututu yana tsotsar iska, masu hali su ƙara zurfi, marasa hali su bar gonar.

Jihar Punjab ta Indiya ta bi wannan hanya. An ba manoma wutar lantarki kyauta tun 1997, suna noman shinkafa da ruwan ƙasa, ruwan yana sauka shekara bayan shekara. A 2009 suka yi doka mai sauƙin ganewa: ba a yafa irin shinkafa kafin 10 ga Mayu, ba a dasa ta kafin 10 ga Yuni, domin dashen ya zo kusa da saukar damina maimakon tsakiyar zafi. Ba a rufe rijiyar kowa ba, lokaci kawai aka gyara, kuma ta rage saurin saukar ruwan duk da ba ta tsayar da shi ba. Ta kuma zo da tata matsalar, domin girbi ya matsa kusa da shukar alkama, manoma suka ƙara ƙona karmami don su share gona da wuri. Saudiyya kuwa ta yi noman alkama a hamada da tsohon ruwan da ba ya dawowa har ta riƙa fitar da ita waje, sai a 2008 ta yanke shawarar janye hannu a hankali, zuwa 2016 ta daina sayen alkamar da ake nomawa a gida.

A yankinku akwai wani abin da ya fi famfonka tasiri, kuma adalci ne a faɗe shi. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke shimfiɗuwa a dausayin Haɗeja da Nguru, alhali wannan ambaliyar ita ce ke ciyar da ruwan ƙasa har zuwa Yobe. Saboda haka dokar da za ta auna bututun manomi ta bar yadda ake sakin ruwan madatsu babu tsari ta kama reshe ne. Abin da za ku iya yi tun kafin hukuma ta zo shi ne ƙungiyarku ta manoma ta ware rijiya ɗaya ko biyu da ba a ɗiba a cikinsu, a riƙa auna ruwansu kowane wata ana rubutawa, ku yarda a kan tazara tsakanin bututu da bututu, wanda gonarsa take kan tudu mai yashi kuma ya duba ko albasa ko tumatir ko alkama ba za su fi masa shinkafa ba. Manoman da suka zo da littafin awonsu na shekara uku su ake tambaya idan an zo rubuta ƙa'ida.

TAMBAYA: Malaminmu ya ce ruwan da ke ƙarƙashin Sakkwato da na Nijar ɗaya ne. Idan haka ne, dokar wace ƙasa za ta yi aiki a kansa? Daga wata ɗaliba a Birnin Ƙonni.

AMSA: Malaminku ya faɗi daidai, 'yata. Shimfiɗar yashi da duwatsu masu ɗauke da ruwa da ake kira Iullemeden ta ratsa ƙarƙashin Mali da Nijar da arewa maso yammacin Nijeriya, kamar yadda ta yankin Tafkin Chadi ta haɗa Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Kowace ƙasa dokarta ke aiki a kan rijiyoyin da ke cikin iyakarta, abin da ya tsallaka iyaka kuma sai da yarjejeniya. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a kan guda ɗaya a Maiduguri a 1990, wadda ta shafi rabon ruwan Maggiya, da Gulbin Maraɗi da ake kira Gada a ɓangaren Katsina, da Tagwai, da Komadugu Yobe, har da ruwan ƙasan da ke tare da su. Ƙasashen Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, sun amince da kundin ruwa na bai ɗaya a 2012.

Ki lura kuma ba ko'ina ne ruwa ke sauka ba. A kewayen Yamai masu bincike sun auna cewa ruwan ƙasa ya taso da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980, saboda sare dazuka ya sa ruwan sama yana gangarawa cikin tabkuna ya nitse daga nan. Ƙa'idar da ta dace da Yamai ba za ta dace da Kano ko Maiduguri ba, shi ya sa aikin farko da ke gaban hukumomin ƙasashen biyu shi ne su kafa rijiyoyin awo a kowane ɓangare na iyaka, su riƙa musayar sakamakon a kan lokaci, su kuma buga shi inda ɗalibai irinki da manoman Ƙonni da Illela za su iya karantawa.